Turmin Shatu a ƙarƙashin gadon ƙasa

Duk wanda ya je gidan Inna Shatu a ƙauyenmu, kusa da Gaffati, ya san ba a zama sai ta fara taɓa wurin. Tabarma ce ko kujera, sai ta ɗora bayan hannunta a kai, ta ɗan jira, sannan ta ce bismilla. Mu matan unguwa mun sha yi mata tsiya, muna cewa tana neman allurar da ta ɓata tun zamanin Nasara. Ni ce ma kan gaba wajen tsiyar, har ranar da ta zaunar da ni ta ba ni labari, na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Mijinta Alkasum mahaƙin rijiya ne. A farin shekarar saba'in da uku ruwa ya gudu ƙasa, shi kuma ya bi shi, har ranar da igiya ta tsinke da shi a wata rijiya. An fito da shi da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ko an mintsine shi ba ya ji. Shatu ce ƙafarsa. Ita ke juya shi, ta wanke shi, ta jawo shi bakin ƙofa ya sha hantsi, yana mita kamar ita ta tsinka igiyar.

Da gari ya fara watsewa, yayanta Sallau ya zo da damin kayansa zai tafi Kano cin rani.

"Ki bar shi wajen danginsa ki biyo ni," in ji shi. "Nan yunwa ce za ta cinye ku ku biyu."

"Yaya, danginsa ko kansu ba su iya riƙewa ba. In dai ina kusa, ba abin da zai same shi."

Sai sanyi ya sauka. Jikin da babu tuwo a cikinsa kuwa ba ya riƙe ɗumi, Alkasum ya riƙa kaɗuwa har haƙoransa na bugun juna. A ɗakin akwai gadon ƙasa, irin na da, mai rami a ƙasa inda ake zuba wuta. Amma me za a zuba? Gero bai yi ba balle a sami kara, shanu sun mutu balle kashinsu. Shatu ta ƙone dannin gida, ta ƙone jinkar rumbu tunda rumbun ba komai a ciki. Duk wutar kara ce, kafin ka juya ta zama toka.

Ranar da aka ce za a raba jar dawar taimako a Mirriya, ta san tafiyar wuni ce, ba kuma wanda za ta bar masa. Ta duba tsakar gida, idonta ya faɗa kan turminta na kirya, wanda rabon da a daka wani abu a cikinsa an yi wata biyu. Ta ari gatari ta faskara shi tana hawaye, don turmin uwarta ne. Ta cika ramin gadon da shi, ta hura, ta lulluɓe mijin da gwado, ta kama hanya da hantsi. Ita dai ta saba da kara. Ba ta yi tunanin cewa wutar itacen kirya ba ta mutuwa da wuri ba, sai ƙara ƙarfi take yi.

Da la'asar ta dawo da tiya biyu a ka, ta tarar da shi yana fara'a, abin da ta manta yadda yake.

"Shatu, yau kam Allah ya yi miki albarka. Tun da sanyin nan ya shigo ban yi barci irin na yau ba."

Gadon daga wajen kai ɗumi ne mai daɗi, wutar ta taru ne a wajen ƙafafu. Da ta yaye gwadon za ta juya shi, sai ta ga fatar sha-raɓarsa da dugadugansa ta manne da tabarma. Ta tsaya riƙe da gwadon.

"Gobe ma irin wannan za ki hura mini," in ji shi.

Washegari ta roƙi mai amalanke ya kai su likita. Majo, wato babban malamin asibitin, ya wanke ciwon ya ba da magani, ya ce a riƙa ba shi abinci mai kyau. Abinci mai kyau, a shekarar nan! Wata biyu tana wanke gyambon safe da yamma, yana ƙara ci. Alkasum ya daina mita gaba ɗaya, kuma wannan ya fi mitar yi mata ciwo.

Labari ya kai Kano, Sallau ya dawo a fusace. Ya ɗaga gwado ya duba, ya juyo kan ƙanwarsa.

"Ba ke kika ce in kina kusa ba abin da zai same shi ba?"

Kafin ta yi magana Alkasum ya riga ta.

"Sallau, ƙyale ta. Bayan ta fita ni na sauko na ƙara itace."

Mutumin da ko juyawa ba ya iya yi shi kaɗai. Kowa a ɗakin ya san haka, ba kuma wanda ya ƙaryata shi. Ya rasu kafin zafi ya yi ƙarfi, a kan maganarsa, bai taɓa janye ta ba.

Shatu ba ta sake aure ba. Ta yi saƙar faifai, ta yi tallar ƙuli, ta reni 'ya'yan Sallau uku. Daka kuwa a gidan maƙwabta take yi har yau, ta ƙi sayen turmi.

Da ta gama, na ce mata, don in sami abin faɗa, ai Allah ya taimaka tunda bai ji zafin ba. Ta ɗora bayan hannunta a tabarmar da nake zaune a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Shi bai ji ba," ta ce. "Ni nake jin sa."