Saƙo Tara Zuwa Rugar Ardo Na'Allah

Saifuddeen ɗan Danchadi ne, ɗan manomin albasa, amma ko kunya ɗaya bai iya ja a miƙe ba. Abin da Allah ya ba shi kwamfuta ce. Ya yi karatunta a Sakkwato, ya dawo Bodinga ya kama ɗan shago yana buga wa mutane takardu. Ni Maniru, malamin dabbobi ne, kuma ni na jawo shi cikin aikin nan, don haka in za a yi zagi a fara ta kaina.

Na roƙe shi ya yi mana shafi a intanet, in na ga cuta a wata ruga in shigar, shafin ya tura wa makiyayan yankin saƙo a waya. Ya yi, kyauta. Ardo Na'Allah na Horo Birni sai da na yi sawu huɗu kafin ya yarda ya ba da lambarsa.

Shafin yana da rumbun da yake ajiye bayanai. Duk lokacin da wani ya buɗe shafin, sai shafin ya kama hanya zuwa rumbun, wata sanarwa ta tashi a ciki, kamar sallama a ƙofar gida. Saifuddeen, sarkin dabara, ya ɗaura tura saƙo a kan wannan sanarwa, wai don kada gargaɗi ya kwana a rumbu. Abu biyu ya manta. Bai gaya wa na'urar ta daina tura abin da ta riga ta tura ba, kuma bai goge saƙon gwaji da ya rubuta ba: “Ciwon huhu ya ɓulla a mashayar Horo Birni. A janye shanu.”

Ranar wata Alhamis, damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, ina Shagari a gindin darbejiya ina fama da shafin. Sabis ya zo ya ɗauke, in sake buɗewa. Sau tara na yi haka, ina tsaki. Wajen azahar wayata ta yi ƙara.

“Malam, mun tashi,” in ji Ardo. “Saƙonku ya iso. Na hwarko ban kula ba, amma sau tara? Mun kora shanu, arewa muka yi.”

Kafin in ce wane saƙo, layin ya yanke. Na kira har na gaji, bai shiga ba.

Burtalin da ke arewa da rugar gonaki sun matse shi, wani wurin saniya biyu ba sa jerawa. Shanu sun haura ɗari biyu. In suka shiga, geron mutane ya tafi, abin da zai biyo baya kuma ba na son faɗa.

Na kira Saifuddeen na gaya masa. Na ji ƙarar madannan kwamfutarsa, sannan ya ce, “Innalillahi. Maniru, kar ka ƙara taɓa shahin nan. Ni na yi ta. Ga ni nan tahe.”

Ya cire abin da ya ɗaura, ya hau babur. Muka haɗu a hanya, muka bi laka, muka faɗi sau ɗaya. Mun tarar da shanun farko sun kai bakin burtali. Gabansu manoma wajen goma sun tsaya da fartanyu a hannu, wani Husaini yana gaba, jijiyar wuyansa a tashe.

“Ko ɗaya tat taka min gona, wallahi Ardo, ba mu rabuwa lahiya!”

Ardo yana ɗaga waya yana cewa cuta ce a bayansa, ina ake so ya kai su? Saifuddeen ya sauka, wando duk taɓo, ya ratsa tsakaninsu ya durƙusa.

“Baba Ardo, ranka shi daɗe, babu cuta. Ni na rubuta saƙon don gwaji, na mance ban goge ba. Laihina na, ba na kowa ba.”

Ardo ya daɗe yana kallonsa. Ya juya ya yi wa 'yan uwansa magana da Fillanci, suka fara juya kan shanun, sai da aka kwashe kusan awa guda kafin saniyar ƙarshe ta juya. Husaini bai sauke fartanyarsa ba sai da ya ga bayansu.

Sannan Ardo ya ce, “Ɗana, hidda lambata cikin abin nan naka. Yanzu, ina gani.”

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Saifuddeen ya girgiza mini kai. Ya ciro wayarsa, ya goge lambar, ya nuna wa Ardo. Na ji zafin abin har raina.

Saifuddeen ya gyara shafin a makon, kuma rugage ashirin da wani abu suna amfana da shi yau. Rugar Ardo ba ta ciki. Duk sa'ad da na shigar da cuta ta gaske a yankin Shagari, Saifuddeen yakan rufe shagonsa, ya hau babur daga Bodinga har Horo Birni, ya yi sallama ya faɗa wa Ardo da bakinsa. Bana sau uku ya je.