Gwangwanayen Inna

Jiya a kasuwar Yelwa na ga gwangwanayen madara an wanke an jera, sai Inna ta faɗo mini a rai.

Wata safiyar Sallah tandarta ta tsage, ƙullun masa kuwa ya riga ya tashi. Ta aike ni bakin ruwa na ɗebo yashi. Ta shimfiɗa shi a tukunya, ta shafa wa gwangwanaye man gyaɗa, ta zuba ƙullu, ta rufe. Har yau ina jin ƙamshin.

"Wuta ba ta tambayar sunan kwano," in ji ta.

Masar farko Inna ta miƙa wa ƙanwata Hauwa. Ni da na ɗauko yashin, ni da ke rubuta mata wasiƙu da ajami, sai masar ƙarshe, mai ƙonannen gindi. Da ta rasu, sabuwar tandar ma Hauwa aka ba. Gwangwanaye shida ne rabona.

Bara na yi wa Hauwa ƙorafi, ta ce, "Haba Yaya! Ke ta bar wa dabara, ni kuwa in tandar ta fashe na zauna."

Gaskiyarta ce, amma har yanzu masar farkon nake so.

Allah Ya haskaka kabarin Inna, Ya wanke zuciyata kafin mu haɗu.