Carbi Tsakanin Kofi Biyu

Da, idan muka zauna shan shayi a unguwar Suwaidi bayan Juma'a, ba mai tambayata labarin Khartoum ko Istanbul, duk da harsuna huɗu da nake ji. Hankalin kowa na kan wani abokin zamanmu, marigayi yanzu, tsohon kuku a jirgin ruwan da ke kai wa jiragen yaƙi mai da abinci a tsakiyar teku.

Yakan jera kofi biyu a matsayin jirage, ya miƙa carbinsa tsakaninsu. "Ga tiyon mai. Ana tafiya ake sha, ba tsayawa!"

Ran nan haushi ya ci ni. "Alhaji, albasa fa kawai ka yanka."

Ya yi dariya. "Wallahi, ya shaikh. Amma a kan teku!"

Yau shekararsa guda da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini. Majalisar ta zama tawa, amma labarinsa suke sa ni maimaitawa.