Hantsin da Jikana Bai Sha Ba

Muna yara a ƙauyenmu, bayan Karofane, ba mai barin ɗa cikin ɗaki in hantsi ya fito. Innata takan tuɓe mu, ta shafe mu da man shanu, ta jera mu jikin rumbu kamar mai shanyar kuɓewa. In jiki ya yi ɗumi sai kiwo: mu kora awaki kan dutse, ciki cike da hura, ƙafa ba takalmi. Ban ce daɗi zalla muka sha ba, ƙyanda ta kwashe wasunmu. Amma wanda ya rage, ƙashinsa ƙarfe ne.

Ɗana na fari ya tafi bida, wato ci-rani, Abijan, ya dawo ya gina gidan siminti a Madawa, har tsakar gida ya rufe da kwano. Can jikana ya tashi, gaban tele, akwatin talabijin. Mota ta kai shi lakwal, makarantar boko, mota ta maido shi. Uwarsa na alfahari: “Baba, dubi yadda ya yi haske.” Ƙibarsa kuwa, mutane suka ce hutu ne.

Da ya fara kukan ciwon ƙafa, ga haki, aka kai shi gidan likita. Suka ɗebi jini, suka ce bitamin ɗin da jiki ke samu daga rana ya yi masa ƙaranci, kitse ya yi yawa. In ba a tashi tsaye ba, ciwon sukari da hawan jini na iya riskarsa tun bai yi gemu ba. Rana fa! A ƙasarmu ta Adar! Dariyar takaici na yi.

Na ce da ubansa, “Ba ni shi damana guda.”

“Baba, an rubuta magani.”

“Haɗo da maganin.”

Yaron ya harare ni. “Tsoho, garinku akwai lantarki?”

“Akwai jaki, malalaci. Shi ma ya fi ka sauri.”

Ya zo. Ya yi kuka, ƙaya ta soke shi, tafinsa ya yi kanta. Kafin a yanke hatsi yana riga ni hawa dutse, yana yi mini gwalo. Da aka maida shi, uwar ta ce na ƙona mata ɗa.

Bana ba su kawo shi ba, wai an sa shi karatun hutu. Ya kira ni a salula.

“Tsoho, wa ke kora maka awaki?”

“Ba kowa. Kai, fita waje mu yi magana.”

Ya ce ba dama, wayar na jikin caji.