Rabin Maganar Rediyo

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Rediyo mai kitso a faɗan baki, kuma wadda ta kayar da ita ko gumi ba ta yi ba. Wata malamar makaranta ce ta zo da kai a jiƙe, ta zauna tana mutsu-mutsu. Rediyo ta kama gashi ta kama faɗa. Ta zagi ruwan, ta zagi man, ta gangara kan wanda ya koya wa matar zama. Rabin awa tana yi. Da ta tsaya shan iska, malamar ta zaro auduga daga kunnuwanta biyu ta ce, "Gwaggo, magana kike? Wannan layin ya karkace." Kuma ya karkace ɗin. Rediyo ta warware shi tana huci.

Shekara talatin ta yi a ɗan shagonta mai madubi ɗaya da kujera mai ɗingishi, bakinta da yatsunta suna tsere. Da kuɗin kitso ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta. Uku sun yi nisa, sai autan, direban tasi mai gemu da tumbi, wanda take zaune da shi da matarsa.

Bara jini ya dawo mata, shekara biyar bayan ta sallami al'ada. Ta ɓoye wata biyu, sannan ta tafi asibiti ita kaɗai. Likita ta duba, ta ɗan tsinki nama daga bakin mahaifa ta jefa a kwalba. Za a gwada a ga ko sankara ce. Sati biyu, za su kira ta a waya.

Ta dawo gida ta tarar da autan a falo da abokansa biyu.

"Mama, me suka ce?"

"Sun ɗan yanki nama ne a bakin..." Ta dubi mazan nan uku. Matar da ta san sirrin kowane gida a layin, kunya ta shaƙe ta. Ta haɗiye sauran.

Autan bai jira sauran ba, don tun yana yaro ba ya jiran ƙarshen zance. Kafin la'asar dangi sun ji an yi wa Mama aiki a baki. Ya kafa doka: ba magana, ba tauna, ba shago. Surukarta ta zama mai gadi, tana shigo da madara da tsinken zuƙa, tana daka duk abin da aka dafa har ya koma na jarirai. In Rediyo ta buɗe baki, sai yarinyar ta ɗaga yatsa. "Mama, ɗinkin zai warware."

Da kalma ɗaya za ta fita daga wannan kurkuku. Amma duk lokacin da ta ɗauko kalmar, sai ɗayar ta biyo ta a baya, wadda likita ta faɗa ƙasa-ƙasa. Gani take in ta furta, ta tabbata. Sai ta zauna a ɗaki, ita da gado da fanka mai ƙara da waya a cinya. Ta duba caji. Ta duba ko an rage sautin. Ta kira kanta da wayar surukar don ta ji tana shiga. Yatsunta suka rasa kan da za su kama, suka koma kitsa gezar mayafi, ta kitsa ta warware, ta kitsa ta warware. Masu dubiya suna zama suna yi mata magana da ƙarfi, kamar kunnen aka yanka. Wata ma ta ce, "Ai an huta." Rediyo ta ajiye ta a rai.

A rana ta sha uku da hantsi wayar ta yi ƙara. Nas ce. Sakamako ya fito, amma ba a faɗa a waya, ta zo sashen mata kafin azahar. Rediyo ta yafa mayafi. Autan ya tare ƙofa.

"Sashen mata? Kuskure suka yi, Mama. Me ya haɗa baki da sashen mata? Na yi magana da wani likitan haƙori, fasinjana ne, can za mu."

Ta girgiza kai.

"Ke ba ki san asibiti ba. Takardar wata suka haɗa da taki." Ya kunna fitilar waya. "Buɗe in gani da kaina. Sati biyu ban ga ko kumburi ba."

"Matsa, auta."

"Ba inda za ki sai na ga bakin nan."

Rediyo ta dube shi daga gemu har tumbi. Ta dubi agogon bango.

"Bakin da aka yanka, sau ɗaya ka taɓa bi ta cikinsa, kuma da kuka ka fito. Kashe fitilar, ɗauko makullin mota."