Kawun da Na Kora daga Zaurena

Mako biyu kacal na yi a ƙasar waje, amma na dawo Tambuwal kamar ni na ƙirƙiro boko. Jami'ar da nake aiki, a ofishin harkokin ɗalibai, ita ta tura mu mu ga yadda wata jami'a a can take kula da nata. Kuma wallahi na ga abin kirki. Ɗalibin da wata lalura ta same shi yakan cike takarda ɗaya a ajiye masa gurbinsa har ya dawo. Sun kuma nanata mana cewa sirrin ɗalibi nasa ne, ba a tattauna shi da kowa, ko da mahaifinsa.

Da muka dawo, shugaban sashenmu, wanda barci ya sha a rabin zaman da aka yi da mu, wannan doka ta biyun kaɗai ya riƙe. Ya sa aka buga ta da manyan baƙaƙe aka manna a ƙofa. Ni kuma, sakarai, na fi shi zaƙewa.

Wata Asabar da hantsi ina gida, aka ce ana sallama. Na tarar da wani dattijo a zaure, ƙafafunsa furu-furu, ya sha hanyar Kebbe a bayan babur. Sai da muka gama gaisuwa tsaf ya ce, "Ranka shi daɗe, zancen ɗan ƙanwata na ya kawo ni, ɗalibinku na. Uban nai ya kwanta ciwo, ga gero ya nuna, babu mai yanka sai shi. Munka ce a sanar da ku, kada a ga shiru."

Ni ɗan ƙasar nan ne. Na san yaro mai kunya ba ya tarar babba da damuwarsa, kawunsa yake turawa, kuma gida ake zuwa don girmamawa. Na sani sarai. Amma na buɗe baki na ce, "Baba, ka yi haƙuri, yanzu tsari ya canja. Sai shi da kansa, kuma a ofis." Ko sunan yaron ban bari ya ƙarasa faɗi ba. Takardar ajiye gurbi kuwa tana cikin jakata, a ɗaki.

Ya ce to, ya yi godiya, ya tafi. Har yau in na tuna godiyar nan sai raina ya ɓaci.

Rajista ta rufe, aka cire sunan yaron. Sai bayan an gama na ga ɗan Kebbe cikin jerin waɗanda aka cire, na haɗa labarin. Na shiga wurin shugabanmu ina huci, ya ce ai doka na bi, in kwantar da hankalina. Wace doka? Mutanen can don su kare ɗalibi suka yi ta, mu muka ɗauko ta muka kore shi da ita.

Na hau babur na tafi Kebbe, na yi ta tambaya har na sami yaron a masussuka, mahaifin ya rasu. Na so ya zage ni, da na samu sauƙi. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya durƙusa. Na ce ya sake neman shiga baɗi, zan tsaya masa.

Ya ce, "Na gode, Malam. Ƙannena huɗu, yanzu ni a uba. Ku dai gafarce mu, ba mu san sabon tsarin naku ba."