Masu Ajiye Iska a Bakin Rafinmu

Ina shagon atamfar da nake wa aiki a kasuwar Gudu Baffa ya kira ni a waya. Ya ce in zo gida, wasu baƙi za su zo da Turanci, yana son kunnen da ya yarda da shi. Rugarmu tana bayan Kuje, kuma abin da ya riƙe ta shi ne filinmu na bakin rafi, inda shanu ke samun ruwa har tsakiyar rani. Tun a mota na san filin ake nema. Ba mu da wani abin da zai sa mai takalmi mai sheƙi ya biyo hanyarmu.

Su biyu ne: injiniya da ba ya jin Hausa, da wata madam mai Hausar Abuja. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, kamfaninmu yana so ya yi hayar wannan wuri ya ajiye iska. Iska mai kyau ne, ba ya damun kowa."

Kakata, Inna, tana gefe tana burga nono. Sai ta tsaya. "Iska za ku kawo gindin tsamiyar can? Waɗanda ke wurin fa, kun nemi izininsu?"

Madam ta ɗauka maƙwabta ake nufi. Ta ce kada Mama ta damu, za su zauna da su duka, kowa zai samu rabonsa. Baffa ya yi dariya har da tari, ya ce wa Inna ga waɗanda suka fi ta sanin mutanen ɓoye. Inna ba ta yi dariya ba.

Daga nan injiniya ya fara bayani ina juyawa. Ya ce akwai manyan fankoki da iska ke juyawa su ba da lantarki, akwai kuma tashar nukiliya wadda ba a kashe ta yadda aka ga dama. Wani lokaci wuta takan yi yawa ta rasa mai saye. A lokacin za su saye ta da araha, su raba ruwa gida biyu da ƙarfinta, su fitar da wani gas mai suna haidurojin su dura a tankuna. In wuta ta yi tsada, su mayar da shi lantarki su sayar. Baffa ya ce ya gane, masu ɓoye masara da kaka ke nan. Injiniya da kansa ya ƙara da cewa abin da ke dawowa da ƙyar yake kai rabin wutar da aka zuba, amma bambancin farashi zai cike.

Nan zuciyata ta ƙi kwanciya. Wane rumbu ne zai cinye rabin hatsi a ce an ci riba? Kuma wutar da ta rasa mai saye, a ina take? A Gudu da janareto muke wuni. Na tambayi inda fankokin suke, ya ce suna cikin shiri. Nukiliyar fa? Ita ma. Ruwan da za a raba kuwa ban tambaya ba, ina kallon rafin.

Don ya kwantar mana da hankali ya buɗe bayan mota, ya ɗauko kwalba mai ruwa da wayoyi da batir. Ruwan ya yi ta kumfa, wata ƙaramar balan-balan ta kumbura. Ya ce in shinshina bakin kwalbar. Babu wari, babu launi. Ya ɗaure balan-balan ɗin a sanda, ya miƙa mini, ya ƙyasta ashana ya kanga mata.

Ƙarar ba irin ta fashewar balan-balan ba ce. Na ji ta a haƙorana, zafi ya lashi bayan hannuna, ga rana tsaka ban ko ga wutar sosai ba. 'Yan maruƙa suka tsinke igiya. Injiniya yana murmushi, yana cewa kun gani, in gas ɗin ya ƙone ruwa kawai yake bari. Ni kuwa ina tuna tankunan da ya ce kowanne ya fi motar haya girma.

Inna ta ce a hankali, "Ba a ganinta, ba a jin warinta, sai ta taɓa mutum. To me na ce?"

Baffa ya janye ni bayan bukka. "Ke kika yi boko. In ba su?"

Ban san lissafinsu ba, wataƙila ma gaskiya suke faɗa. Amma na ce, "Baffa, kada ka ba su bakin ruwa." Ya koma ya ce wa madam su dawo ranar da fankokin suka fara juyawa.

Maƙwabcinmu na tsallaken rafi ya ba su nasa. Yanzu an zagaye shi da waya mai ƙaya har cikin ruwa, an kafa fegi jere-jere irin na masu yanka filaye. Tanki ko ɗaya ban gani ba. Shanunmu suna sha ta ɓangarenmu, amma duk zuwan da na yi sai na duba ko wayar ta matso. A Gudu kuma akwai mai dura gas a bakin layinmu. Na daina bi ta nan, ina zagayawa ta wajen masu tumatir.